Inna Talatu, Telar Mutanen Cikin Labari

Da hantsi Inna Talatu kan jawo keken ɗinkinta gindin darbejiyar gidanta a Gwaram, ta kunna rediyo, ta lumshe ido. Wanda bai san ta ba sai ya ce gyangyaɗi take. Alhali awo take yi wa mutanen da ba a taɓa haifa ba.

Matan ƙungiyar masu sauraron karatun littafi a rediyo, daga Fagam har Birnin Kudu, sukan taru bayan ƙaramar salla, kowacce ta yi shigar jarumar da ta kwanta mata a rai. Inna ce telarsu. Ba ruwanta da tambayar launi, labarin take so a ba ta: yadda jarumar ke tafiya, da abin da ke sa ta kuka. Sharaɗinta ɗaya, a kawo ƙyallen tsohon zane ta ɗinke shi ta ciki daidai ƙirji, wai kada mutum ya shiga labari ya manta hanyar gida.

Munawwara 'yar Farin Dutse ta fita takaba, amma ko zaure ta kasa leƙawa. Da ƙyar ƙawaye suka kawo ta wurin Inna. Ta zaɓi wata makiyayiya da ta ƙetare kogi da garkenta ita kaɗai, da aka nemi ƙyalle kuwa sai ta miƙo yankin rigar marigayin mijinta. Inna ta karɓa, ta ɗinka. Ranar taro aka ga Munawwara da sanda a kafaɗa, har tana dariya.

Ke ce, Inna, mai ara wa mace zuciyar wata har tata ta warke.

Bana idon Inna ya ƙi, zare ya daina shiga allura. Inna ta lulluɓe keken, tana baƙin cikin sana'ar za ta tafi da ita. Aka dai rako ta wurin taron. Can sai wata ta matso, tabarau ɗaure da zare, tef ɗin awo a wuya.

"Wace jaruma ce wannan? Ban ji ta a rediyo ba," in ji Inna.

"Ke ce, Inna," ta amsa, ashe Munawwara ce. "Ni na ɗinka."

Inna ta laluba ƙirjin rigar ta ciki. Ƙyallen yana nan.

Mun gode, Inna Talatu, Allah ya saka da alheri. Mai keke a ɗaki, ki yaye masa lulluɓi.