Ƙoshin Malam Kwaɗo

Duk Unguwar Kanawa babu murhun da ya kai na kakata Tabawa hayaƙi. Na rantse har daga Kawo ana hango shi. Da an idar da sallar magariba za mu kewaye shi mu jikokinta, muna hawaye muna jiran ƙanzon tuwo, ita kuma ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo, tabarma na da faɗi." Ni ne babban jikanta namiji, don haka mijinta take kirana, amma ba ta taɓa faɗa ba tare da ƙari ba. "Matsa can, mijin banza, kanka ya tare mini wuta."

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta Kwaɗo. Wai a da idanunsa ƙanana ne lumsassu, muryarsa kamar sarewa. Ya je gaida surukai, aka dama masa fura mai kauri, kunya ta sa ya ce, "Na ƙoshi." Alhali cikinsa kuka yake kamar injin niƙa. Da aka watse sai ya karyo karan ganyen gwanda, mai rami a cikin nan, ya jona wani a bakin wani har suka yi tsawon igiyar guga. Ya haye katanga, ya zura cikin ƙwaryar furar, ya hau zuƙa, amma furar ta ƙi hawa.

A nan Kaka take lotsa kumatu ta zaro ido, mu kuma mu baje a ƙasa.

"Me ya hana ta hawa?" in ji ƙanwata.

"Ke, wa ya ce miki baki ke ɗauko fura? Iskar cikin karan kawai kike kwashewa, furar ta biyo ta cike gurbin. To ga tsawo, ga hawa sama, ga kauri, kuma duk mahaɗa iska na kutsowa. Iska ta fi fura sauri, ita ya yi ta sha."

Ya ja, ya ja, har idanunsa suka fito waje. Da ƙyar gaya ɗaya ya taso, ya maƙale masa a wuya. Shi ya sa har yau maƙogwaronsa ke kumbura, yana ta kiran furar da bai sha ba. Sai Kaka ta ce, "Ta ƙare, na kulle ta a tukunya. Kowa ya tashi."

Da na shiga sakandare malaminmu ya ce iskar waje ce ke danna ruwan ya hau. Na ce a raina, Malam, Kwaɗo ya riga ka.

Na girma, na yi tumbi, na ɗauko Kaka zuwa gidana a Unguwar Dosa. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ita har ba ta iya riƙe kofi, cokali kuwa ta ce ita ba jaririya ba ce. Muka sayo tsinken roba na shan lemo. Matata Rabi ta dama kunun gyaɗa irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki, don a gidanmu ba wa babba tsararon kunu cin fuska ne. Kaka ta sa baki, ta ɗan jima, ta kau da kai.

"Na ƙoshi."

Haka da safe, haka da yamma. Likita ya ce in ba ta ci komai ba zuwa gobe, sai a sa mata robar abinci ta hanci, abin da ta sha roƙona kada in bari a yi mata. Rabi ta koma kicin tana kuka, wai hannunta ne Kaka ba ta so.

Na zauna ina kallon tsohuwar nan. Na ga kumatunta sun lotsa, kunun ya tsaya a rabin tsinken, ya koma. Ga bakin tsinken duk ta taune shi ya tsage.

Na ce, "Kaka, wannan ƙoshin ba irin na Malam Kwaɗo ba ne?"

Ta harare ni ta gefen ido. "Kunun surukata ne. In ce mata ya fi ƙarfina?"

Na samo sabon tsinke mai faɗi, na datse shi rabi. Rabi ta tace kunun ta tsinka shi da madara, tana ta ba kunun haƙuri. Na tallabo Kaka ta zauna, na ɗaga kofin daf da haɓarta. Muka ga farin kunu ya hau sumul, muka ji ta haɗiye. Ba ta saki ba sai da tsinken ya yi ƙara a gindin kofi. Na yi kabbarar da ta tashi kajin maƙwabta.

Ta lashe leɓe ta ce, "Wane marowaci ne ya dama wannan ruwan?"

Kaka ta ƙara shekaru kafin ta rasu, Allah ya jiƙanta. Da ina yaro na ɗauka Kwaɗo ake wa dariya. Yanzu surukansa nake ganin laifi, da suka ji "na ƙoshi" suka tashi abinsu. Ni dai in tsoho ya faɗa mini haka, ba na ɗauke kwano. Kumatunsa nake duba.