Dona Ivanilde, Mai Tsaron Rumbun Bayanai

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Dona Ivanilde Quaresma a gidanta da ke unguwar Casa Amarela, nan birnin Recife, bayan jinyar wata bakwai. Ciwon dajin huhu ne ajalinta. Ƙanwarta Gilvanete ce ta sanar da ni ta waya.

Dona Ivanilde, a hannunki muka koyi aikin nan na tsaron bayanai a kwamfuta. Manhajojin manyan kamfanoni a cikin kwantenoni suke gudana, wato wasu keɓaɓɓun sassa a cikin kwamfuta, a kashe wannan, a ta da wata a kan wata na'urar, ba mai damuwa. Ke kika rubuta abin da ke sa rumbun bayanai ya bi kwantena duk inda ta koma, ba tare da an rasa komai ba. Kullum kina cewa, "Kwantena ta mutu sau dubu, ba ruwana. Amma sunan mutum ɗaya ya ɓace, sai kun ga haukata."

Ba zan manta wata Alhamis da rana ba. Na goge rumbun bayanan wata ma'ajiyar jini da asibitoci huɗu suka dogara da ita, ina zaton na gwaji ne. Nan take aka daina sanin wace ledar jini ce ta wane majinyaci, aka tsayar da tiyata. Kika ture kwanon kuskus ɗinki gefe, kika ce, "Tashi daga nan, Josenildo, kafin ka goge mana har takardar haihuwa."

Awa ɗaya da minti arba'in kika yi kina dawo da bayanan daga kwafin da kika dage sai an ajiye a wani gari, wanda manajan kamfaninmu ya sha kira ɓarnar na'ura. Bayanan minti sha biyun ƙarshe ne kawai ba su dawo ba. Su kuma kika ɗauki waya, ma'aikaciyar jinya tana karanto miki lambobin ledoji ɗaya bayan ɗaya kina shigarwa. Da manaja ya shigo yana neman wanda zai kora, kika ce, "Ranka ya daɗe, tsarin da zai bar mutum ya yi wannan ɓarnar da layi ɗaya, laifin mai tsarin ne. Ni ce mai tsarin."

Bayan shekara biyu aka sayar da kamfanin. Sababbin masu shi suka ce kin tsufa da aikin, suka sallame ki, suka ba ni kujerarki. Ina cikin ɗakin da aka yanke shawarar, ban tsaya miki ba. Da kika kwanta ciwo, sau biyu kina aiko min saƙo in zo mu sha gahawa. Na ce mako mai zuwa. Kunya ce ta hana ni, har aka kai ki makabarta.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gilvanete, da ɗanki Aderbal, da jikokinki uku. Allah ya ba su haƙurin rashi. Ni kuwa, gafarar da na kasa zuwa in roƙa kina raye, yau a gaban jama'a nake roƙonta. Ki yafe min, Dona Ivanilde.