Hannun Nasiru a Allon Kwamfuta

Shekara biyar ke nan da 'yan bindiga suka kashe ƙanena Nasiru, kuma har yau ban huce ba. Masu ce mini in bar wa Allah, na bar masa, amma zuciyata ba ta daina tafasa ba.

Tare muka zo Doha aikin gadi, ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Bin Omran. Ni na dawwama a bakin ƙofa, shi kuwa da yake kansa na ja, kamfani ya mai da shi ofis. Aikinsa haɗa darussan da ke koya wa sababbin masu gadi sarrafa kwamfutar ƙofa. Akwai manhajar da yake kunnawa, ta naɗi duk abin da yake yi a allo haɗe da muryarsa, da Hausa, saboda 'yan'uwanmu da Turanci ke ba wuya. Darasin ba na kallo kawai ba ne. Zai nuna maka, sannan ya tsaya sai ka danna da kanka. In ka dace ya ce madalla. In ka kuskure, sai ka ji, "Haba Malam, ina za ka? Dawo." Na sha ce masa ya cire wannan rashin kunya, sa'o'in yayyensa ne za su zauna gaban abin. Dariya kawai yake yi.

Hutu ya tafi gida, 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar garinmu. Direba suka fara harbewa. Waɗanda suka tsira sun ce wata tsohuwa ce ta kasa saukowa da sauri, ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya ɗaga mata adda, Nasiru ya kai hannu ya tare. Saran farko ya guntule hannun damansa. Suka ƙara masa a kafaɗa, sannan suka harbe shi a ƙirji, suka bar shi a kan kwalta. Kafin in samu jirgi an rufe shi. Kawunmu da ya yi masa wanka ya ce sun nemi hannun a cikin ciyawa har suka gaji. Haka aka binne shi babu shi.

Da na dawo aiki aka zaunar da ni sabunta horo. Na kunna darasi, sai ga 'yar kibiyar nan da ake nuni da ita a kwamfuta tana yawo a allo. Nasiru yana da wata ɗabi'a, kafin ya danna abu sai ya ɗan kewaye shi da kibiya, kamar yadda yake juya cokali a shayi. Hannun da aka rasa a daji, ga motsinsa a gabana. Na miƙe na yi ta naushin bango har yatsuna suka fashe.

Bana kamfani ya sauya tsari. Sababbin darussan na'ura ce ke magana a ciki, da kowane harshe kake so. Na san Nasiru da son sabon abu, da yana nan shi zai fara rawar ƙafa a kai. Ni kuwa na tsane ta. Bulus, mutumin Kafanchan da ya gaji kujerarsa, shi ya gaya mini: "Khalas, shi ke nan, Malam Sani, gobe za a sauke tsofaffin darussan." Ban san lokacin da na shaƙo wuyan rigarsa na haɗa shi da ƙofa ba. Bai rama ba. Da na sake shi ya gyara riga, ya tura mini darasin a waya. Sai dai bidiyo ne zalla, yana wucewa abinsa. Ba ya jiranka, ba ya amsa maka. Sashen da ke amsawa a kwamfutar kamfani yake, in an sauke darussan shi ma ya tafi.

Me ya rage na Nasiru? Tsohuwar da ya tare wa sara tana raye. Masu gadi da yawa a nan Doha, daga Ain Khaled zuwa Souq Waqif, a bakinsa suka koyi aiki, ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Makasansa kuwa ban ji an kama ko ɗaya ba, kuma ban yafe ba.

Ranar ƙarshe na zauna gaban darasin. Kibiya ta kewaye inda ya kamata in danna, ta tsaya tana jirana. Na danna wani wuri da gangan, na sake, na sake, har kwamfuta ta rubuta cewa na faɗi. Kowane karo sai ya ce, "Haba Malam, ina za ka? Dawo."

Ni ya kamata in gaya masa haka ranar da na raka shi filin jirgi.