Lambar Azurfar Kawu Norbert

Kawu Norbert Sunchild yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyenmu na ƙabilar Cree, a lardin Saskatchewan. Duk mai kanti ya san halinsa: in aka miƙo masa canji, sai ya bi sulallan ɗaya bayan ɗaya yana kifewa, don kada ya haɗa ido da hoton Sarauniyar Turawa da ke jikinsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yana ɗan shekara shida aka ɗauke shi daga gaban uwarsa zuwa makarantar kwana ta 'yan mishan. Aka yanke masa kitso, aka hana shi yarensa. A ɗakin cin abinci akwai ƙaton hoton Sarauniya, kuma a ƙarƙashinsa ake zane duk wanda aka kama yana yaren Cree. Bayan shekara tara ya dawo gida yana in'ina da harshen uwarsa.

To, shi ɗin ne kuma gado ya faɗa wa. Kakan babansa yana cikin shugabannin da suka ƙulla yarjejeniyar ƙasa da Turawa, aka rataya masa lambar azurfa: gefe ɗaya mutum biyu suna musabaha, ɗaya gefen fuskar tsohuwar Sarauniya Victoria. Da babansa zai cika, ya damƙa masa ita. Tun daga nan, duk shekara ranar tunawa da yarjejeniya, Kawu yakan rataya ta ya tsaya kusa da ɗan sanda mai jar riga, ana miƙa wa kowa dala biyar ɗin da aka yi wa kakanninmu alkawari.

"Norbert, yau ma da budurwar taka aka fito?" Clifford, abokinsa tun makarantar kwana, yakan tsokane shi.

"Ita dai ba ta taɓa yin yaji ba. Ina taka matar?"

A yi dariya. Amma in ya koma gida, kwana biyu ba mai jin bakinsa.

Shekarar da Sarauniya ta rasu, 'yarsa Verna, ma'aikaciyar jinya a birnin Saskatoon, ta zo da takarda. Ƙungiyarsu na tara sa hannu, kada a buga fuskar sabon Sarki a kuɗi, a ma raba ƙasar da gidan sarautar gaba ɗaya. Ina gidan, muna shan shayi da soyayyen burodi.

"Baba, kai ya kamata ka fara sa hannu. Wa aka cuta kamar kai?"

Ya karanta har ƙasa, ya turo mata abarta.

"Ba zan sa ba."

"Haba Baba! Mutumin da ko kallon fuskar Sarauniya ba ya iya yi?"

"Verna, kakanninmu ba da gwamnati suka yi alkawari ba, da gidan sarautar nan suka yi. Ƙasar da muke zaune, farautarmu, asibitin nan, duk a wuyansu muka rataya. In kun kore su, gobe wa zan riƙe wa riga in ce ga abin da ka ɗauka?"

"Wato mu zauna haka har abada?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Na fi ki son in ga bayansu. Sai dai in sun tafi, ina tsoron da mu za su tafi."

Ta ce tsoro ne kawai, irin wanda aka dasa masa yana yaro. Bai musa ba. Ta naɗe takardarta, ta kama hanya ko shayin ba ta ƙarasa ba. Suna waya har yanzu, amma ta daina zuwa bikin yarjejeniyar, ta kuma ce kada a kuskura a bar mata lambar.

Bana ƙafa ta hana Kawu tsayuwa, a keken guragu muka kai shi filin bikin. Muna dawowa a mota ya ciro lambar daga wuya, ya ɗora min a cinya.

"Verna ta ƙi. 'Ya'yan Clifford ba jininmu ba ne. Saura ke, Doreen."

Na ce masa ni ma fa na sa hannu a takardar Verna.

"Na sani," ya ce. "Ni ma ba da son raina na karɓe ta daga babana ba."

Lambar tana cikin aljihun motata wata uku ke nan, a naɗe cikin safa. Ban shigar da ita gida ba, ban kuma mayar masa ba.