Likkafanin da Ke Jiran Yaya Habu

Bana shekara hamsin ke nan ba ɗaya da rasuwar yayana Habu. Na ce rasuwa ne don haka kowa ke cewa, amma har yau babu wanda ya wanke shi.

A shekarun 1970 ma'aikatarsu ta tura shi kwas Turai. Injiniya ne, ɗan gayu, ga rawar kai. In dai ya ga ana abu, wallahi sai ya taɓa. Tun muna yara a Unguwar Shanu shi ne gwanin zamiya a gangaren rafi, kullum wandonsa a yage.

Da sanyin can ya fara sauƙi, abokan karatunsa suka ja shi wani wurin shaƙatawa a ƙololuwar duwatsu, inda ƙanƙara ba ta ƙarewa duk shekara. A nan ake ɗaura dogayen katakai a ƙafa ana zamiya. A irin wannan lokaci rana kan tausasa dusar ƙanƙarar da ta rufe bakin ramuka masu zurfi, shi kuwa baƙo ina zai sani? Sun ce yana gabansu yana dariya, sai kawai suka daina ganinsa. An neme shi, amma ramin da ya rufta ya fi ƙarfin igiyoyinsu.

Mutanen ofis suka kawo labari gidansa na Unguwar Rimi, aka shimfiɗa tabarmi. Da liman ya shigo yi wa mahaifiyarmu gaisuwa, Inna ta dube shi ta ce, "Malam, wa kuka wanke? Wa kuka kai?" Malam ya sunkuyar da kai.

Washegari ta aike ni kasuwa na sayo farin alawayyo, ta ninke ta sa a akwati. Firjin da Habu ya saya mata kuwa ta sa aka kashe. Ruwan randa ta sha har ƙarshen ranta. Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, na cikin akwatin nan ba nawa ba ne. Kar ka bari a sa ni a ciki." Sabo muka sayo mata.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Kadunar yau, da dogayen katangu da Keke Napep ko'ina. Na san dai ni zai fara tsokana: "Kai, wane ne wannan tsoho?" Ɗansa Nasiru, da ya bari a ciki, yanzu furfura ta cika masa gemu. Ya girmi ubansa nesa ba kusa ba.

Bara jikata ta nuna mini a waya cewa ƙanƙarar duwatsun nan tana narkewa, har tana fito da mutanen da ta haɗiye tuntuni, wasu da tufafinsu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina jin tsoro. Idan ya fito, wa zai ce wannan Habu ne? Ni kaɗai na rage da na san tabon da ke haɓarsa, ni ma ga ƙafa ta fara ƙi.

Ba kabari ya bar mana da za mu ziyarta ba. Dariyarsa ce ta rage a bakin Nasiru, sai farin ƙyallen nan. Duniya na ta kuka da ɗumamar yanayi, kuma na san gaskiyarsu. Amma ni, Allah Ya yafe mini, duk ranar da rediyo ya ce an yi zafi a Turai, sai in buɗe akwatin Inna in duba ko asu ya taɓa alawayyon.