Goran Irin Albasa

Duk wanda ya taɓa ƙetare ruwa daga Yelwa zuwa ƙauyukan hayi a shekarun baya ya san Mainasara mai fito, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogon mutumin nan ne da ba ya barin kowa ya yi shiru a jirginsa. Sai ya tambaye ka daga ina, wa ka baro a gida, me ka shuka bana. Mutane na cewa surutu ya yi masa yawa. Allah sarki, ba su san inda surutun ya samo asali ba.

A Gungun Marke aka haife shi, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, inda kowane magidanci manomin albasa ne. Shi kaɗai ya fita zakka. Tun yana saurayi ya ɗauki filafilin tuƙa jirgi, ya bar wa wansa Illo fangalan gado. Illo kuwa, kai! In ya tono albasa sai fatake su yi ta rububi a bakin ruwa. A gungun nan akwai abin da ba a wasa da shi, shi ne goran iri. Kowa na da ɗan goransa. A zuba baƙin irin albasa, a barbaɗa toka, a toshe da totuwa, a rataye a ɗaka. Kana iya roƙon mutum ya ɗibar maka tafi guda, ya kuma ba ka da murna. Amma ya miƙa maka goran ɗungurungum? Ba a yi. Ko gobara ta tashi, goran ake fara ɗaukowa kafin riga.

Shekarar da aka samu mulkin kai, Mainasara ya yini yana kai mutane Yelwa kallon biki. Bayan shekara takwas kuma shi ne ya yi ta kwashe su da tukwanensu da awakinsu zuwa tudu, domin an gama madatsar Kainji, ruwa na tasowa. Aka ba su gidajen siminti a jere, a kan ƙasa mai tsakuwa. Kafin a ce haka gungun ya nutse, sai kan itacen marken gungun kawai ake hange, daga baya shi ma ya ɓace.

Mata dai ba su rasa juna ba, ga daka, ga bandar kifi, ga gorin juna a bakin rijiya. Samari suka rungumi kamun kifi, wasu suka tafi neman aiki. Waɗanda aka bari tsaye su ne dattawa. Mutumin da ya shekara arba'in yana ban ruwa safe da yamma, yau ya farka ba abin da ke jiransa. Illo na cikinsu. Matarsa ta rasu daminar da ta gabaci tashin, kabarinta yana ƙarƙashin ruwa, 'yarsa guda ɗaya, Dudu, tana aure a Shanga.

Wata safiya Mainasara na loda jirgi sai ga Illo da goransa a hannu.

"Riƙe mini wanga," in ji shi.

"Haba Yaya, mi zan yi da irin albasa ni mai fito?" Mainasara ya yi dariya, ya cusa goran ƙarƙashin bencin jirgi, ya tura jirgi ruwa. Ko waiwaye bai yi ba, don ana ta yi masa sauri.

Bayan kwana biyu masunta suka kawo gawar Illo. Aka ce ruwa ne ya ci shi. Illo fa, wanda ke ƙetare Kwara da iyo tana cike! Liman ya yi masa salla, babu wanda ya yi tambaya, babu wanda ya kalli idon wani. Mainasara kuwa ya sani, kuma sanin ya ƙona masa zuciya ƙurmus. Wansa ya zo ya yi masa bankwana ido da ido, shi kuwa ya yi dariya.

Mai fito shi ke ɗaukar masu zuwa gaisuwar mutuwa. A shekara biyun da suka biyo baya ya yi ta jin labari daga sababbin ƙauyuka, har wajen Ngaski. In aka ce wane ya rasu kuma aka rage murya, sai ya kasa kunne. Abin mamaki, kusan kullum iri ɗaya ne. Ba mace ba ce, ba saurayi ba ne. Dattijo ne, matarsa ta mutu ko 'ya'yansa sun watse, mai lafiyar jiki, wanda babu mai neman komai a wurinsa. Sai Mainasara ya tambaya a hankali, "Goran irinsa fa?" Sai a ce, "Af, ai ya ba wane, kwana uku kafin abin." Sau huɗu yana jin amsar nan. Daga nan ya daina barin kowa ya yi shiru a jirginsa.

Ran wata kasuwar Yelwa, jirgi ya cika maƙil, sai ya hango Cindo yana gangarowa. Cindo abokin Illo ne tun ƙuruciya, masifaffen tsoho a da, wanda tun tashin ba a ƙara jin ya ɗaga murya ba. Ya sa wankakkiyar riga, ga gora a hammata.

"Mainasara, riƙe mini wanga."

Mainasara ya karɓa da hannu biyu. Wa'azi bai iya ba, kuma ya san in ya fito fili ya faɗi abin da yake zato, tsohon zai ji kunya ya juya, shi ke nan.

"Na karɓa, Malam Cindo. Sai dai ni ban iya ba. Ka zo gobe ka nuna mini yadda ake yafawa."

"Gobe ba ni nan."

"To, yanzu."

Ya ɗaure jirgi, ya ce wa mutane su nemi wani. Ranar ya sha zagi kamar ba gobe, wata mai kifi har da tsine wa filafilinsa. Shi dai ya sa tsohon a gaba har wani ɗan fili a bakin ruwa. Ya kafta ƙasa sama-sama, ya buɗe gora, ya zazzage iri tuli guda wuri ɗaya.

"Kai! Wawan ina ne kai?" Cindo ya daka tsawa. "Iri ne ko tuwo kake kwashewa? Ɗan Gungun Marke guda! Kawo nan!"

Ya fizge goran, ya durƙusa da wankakkiyar rigarsa, ya shiga tsince irin nan yana zage-zage. Mainasara bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ita albasa ba ta barin mai ita ya huta. In ta tsiro sai dashe, in an dasa sai ban ruwa safe da yamma wata da watanni, in an tono kuma sai a zaɓi wadda za a mayar ƙasa don iri. Kowane mataki sai Mainasara ya tafka shirme. Yau ya cika ruwa, gobe ya dasa a karkace. Duk asuba yana ƙofar Cindo: "Malam, taso ka gani, kamar na ɓata." Tsohon ya fito yana mita, amma yana fitowa. Haka suka yi shekara tara.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Cindo, a kan tabarmarsa, mutane na shiga da fita. Ana gobe zai cika ya kama hannun Mainasara ya ce, "Shekara tara kana ɓata mini iri da gangan. Kana tsammanin ban sani ba?" Mainasara ya buɗe baki, tsohon ya ce, "Yi shiru. Allah ya saka maka."

Shekaru suka ja. Jiragen inji suka kwashe fito, babu mai jiran filafili. Matarsa Talatu ta rasu. 'Ya'yansa maza, ɗaya na Kano, ɗaya ana cewa Fatakwal, sai aike jifa-jifa. Gwiwa ta hana shi ban ruwa. Mutumin da ya yi wa rabin ƙasar Yauri tambaya, yanzu sai ya yini a ƙofar gida babu wanda ya tambaye shi ko ya kwana lafiya. Kaɗaici ya ishe shi, wallahi ya ishe shi, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Wata safiya ya sa wankakkiyar riga, ya sauko da goran daga bango, wanda irin Illo da na Cindo suka daɗe da gauraya a ciki. Ya nufi gidan Dudu, 'yar Illo, wadda ta dawo garin da zama bayan rasuwar mijinta. Ya same ta tana bakace.

"Dudu, riƙe mini wanga."

Sai da maganar ta fita ya ji ta a kunnensa. Dudu ta ajiye faifai. Ta dubi goran, ta dubi rigar. Babu wanda ya taɓa gaya mata yadda ubanta ya tafi, amma idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ni ban iya ba," ta ce. "Sai ka nuna mini."

Ita fa, da tun tana shekara bakwai take bin Illo fangali da ƙwaryar ban ruwa!

"To, wata rana," in ji Mainasara.

"A'a, Baba. Yanzu."

Ta yafa mayafi, ta ɗauki 'yar fartanya, ta riƙe masa hannu saboda gwiwar, har bakin ruwa. Ta kafta ƙasa sama-sama, ta buɗe gora, ta zazzage iri tuli guda wuri ɗaya, sannan ta tsaya tana jiransa.

Mainasara ya so ya daka tsawa irin ta Cindo, sai hawaye suka riga shi. Ya share fuska da hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, ya fara tsince irin.