Kallabin Kaka a Kan Gwiwa

A gidanmu na Gwagwalada, in an gama tuwon yamma, Kaka ba ta bari a kashe murhu. Takan tura doya cikin toka, ta jawo 'yar kujerarta, mu jikoki mu kewaye ta. Mahaifiyar babanmu ce. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da aka karanta a coci sau ɗaya, ya zauna a kanta ke nan.

Tana da wata ɗabi'a da ba ta taɓa yi mana bayaninta ba. In labarin na cikin Littafi Mai Tsarki ne, sai ta ƙara ɗaure kallabinta kamar mai shirin addu'a. In kuwa abin da ta ji ne a bakin tsofaffin ƙauyensu, ko wanda ta ƙulla da kanta, sai ta kwance kallabin ta ɗora a gwiwa, furfura a waje. Ko ƙaramin cikinmu ya san bambancin.

Wata yamma ta ba mu labarin shanyayyen nan da abokansa suka rasa hanya saboda cunkoso, suka fasa rufin gida, suka saukar da shi gaban Yesu. Ya warke, ya naɗe tabarmarsa ya fita. A nan Kaka ta kai hannu ta kwance kallabi.

Ta ce, “To, rufin fa? Kowa ya tafi yana yabon Allah, an bar matar gida da rami a sama, ga damina ta kusa. Ta share ƙasa, ta yi mita har ta gaji. Da gari ya waye, sai ta ji ana buga ƙofa.”

“Mama, wannan ba a rubuce yake ba.” Muryar Baba ce daga bakin ɗaki. Dattijo ne a cocinmu, kuma ba ya wasa da abin da yara za su ji.

“Bulus, ka ga kallabi a kaina?”

“Yara ba kai suke kallo ba, baki suke saurare. Daga yau, abin da yake a rubuce kawai.”

Kaka ba ta yi gardama ba. Ta mayar da kallabinta, ta tono doya ta raba mana. Har ta rasu ba mu sake ganin furfurarta a bakin murhu ba, ba mu kuma ji wanda ya buga ƙofar ba. Na ji haushin Baba, na daɗe ina jinsa. Sai da na girma na yarda tsoronsa yana da dalili, domin na ga masu tallar 'yan littattafai a tashar Utako suna cewa ga asirin da aka ɓoye wa Kirista, mutane kuma suna saye suna rikicewa.

Yanzu ina zaune a Mararaba, Baba yana wurinmu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Bara maigidana ya tarar da 'yarmu Rahila tana karanta wasu tsofaffin littattafai a waya, irin waɗanda magabatan ikilisiya ba su sa cikin Littafi Mai Tsarki ba. Ya ce ba za a karanta su a gidansa ba. Ya kai maganar gaban Baba don ya san halinsa, ni ma na riga na san hukuncin, ko kuwa haka na zata.

Baba ya dubi yarinyar. “Rahila, kin san inda Littafi ya tsaya?”

“Na sani, Kaka. Waɗannan ba nassi ba ne. So nake in ji abin da mutanen wancan zamanin suke tambaya.”

Sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa.

A hankali ya ce, “Matar gidan ta buɗe ƙofa, sai ga mutumin jiya da kwandon ƙasa a kafaɗa. Ya zuba ruwa, ya shiga yana takawa. Aikin farko da ƙafafunsa suka yi ke nan, kwaɓin lakar rufin da aka fasa dominsa.” Ya dubi tasa ƙafar, sannan ya dube ni. “Ni ma a bakin murhu na ji shi. Ban taɓa ɗaukarsa nassi ba, ban kuma taɓa manta shi ba. Ku bar ta ta karanta.”

Ina yarinya na ɗauka Kaka zafi take ji shi ya sa take kwance kallabi. Ashe koya mana take yi mu san wane ne ke magana kafin mu ba shi kunne. Yanzu in Rahila ta kawo wayarta tsakar gida da yamma, ba ta farawa sai ta ga hular kakanta ta sauka a gwiwa.